Babi na Bakwai: Ranar da Bindiga Ta Ƙi Tashi

Akwai wata 'yar ƙara da duk mai bindigar toka ya sani, kuma ba ya fatan jin ta. Ƙyas! Kunama ta sara, wuta ba ta kama ba. Mutum ya kwana yana dako a bakin rafi, sauro ya gama cizonsa, gada ta sauko shan ruwa har yana jin motsin bakinta, ya ɗauke numfashi ya ja kunama, sai wannan ƙyas ɗin. In gada ce, asarar ta tsaya a tukunyar gida. In gadu ne da ya riga ya ji rauni, ko ɓauna a zamanin da ake samun ta, magana ta koma ta rai. Yanzu kuwa a dazuzzukan Zamfara da Katsina da Birnin Gwari, wanda ke tsaye gaban mai bindigar sau da yawa ɗan fashin daji ne riƙe da AK-47, wadda ke ɗaukar harsashi talatin a ɗuri guda.

Abin da ya fi damuna shi ne hirar da ake yi bayan an dawo gida. Za ka ji an ce naman yana da ƙwari. Ko a ce abokin gaba ya sha maganin bindiga, ya ɗaure mata baki. Wani ya ce ai mace ce ta tsallaka ta, wani ya ce mai ita ya fita ba tsarki. In abin ya yi muni, bututu ya fashe ya tafi da yatsu, sai a dafa kafaɗar mutum a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara kamar kowane Musulmi. Amma a duk zaman jajen da na halarta na irin wannan, ban taɓa jin an tambayi wane ƙarfe aka yi bututun da shi ba, ko wa ya ƙera, ko an gwada shi kafin a miƙa wa mai saye. Laifi kullum yana komawa kan wanda ya riƙe bindigar, ko kan wani abin da ido ba ya gani. Ita bindigar da wanda ya sayar da ita sai su fita fes.

Ni ma ina da ita, gado daga mahaifina. Doguwa ce, an naɗe wuyanta da jar fata, da layu biyu ɗaure kusa da kunama. Wanda bai taɓa ganin ana ɗura irinta ba, ga yadda ake yi. Mutum zai kafa gindinta a ƙasa, baki na kallon sama, ya zazzago albarushi a tafin hannu. Awon ke nan, tafin hannu da ido. Ya juye cikin bututu, ya bi da tsumma, ya sa sanda ya daddanna, ya zuba harsashi, wanda galibi gutsattsarin ƙarfe ne ko ƙwayoyin boris, ya sake toshewa da tsumma. Daga nan sai ya zura sandar ya dafa abin da ya yi saura a waje da yatsunsa, ya ce wannan ɗurin yatsa uku ne, ko huɗu. In babban nama ake nufi, ko an fusata, sai a ƙara. Duk wannan a tsaye ake yi, wani lokaci cikin duhu, hannu na rawa.

Wata damina birai suka addabi gonarmu ta masara, Baba ya sauko da ita daga inda take rataye tun rani. Ina tsaye a bayansa ya ja kunama, ta yi shiru. Bai motsa ba. Ya ci gaba da riƙe ta bakinta na kallon daji, ya ce mini, "Kai yaro, tsaya inda kake, kada ka zagayo gabana." Muna nan tsaye, har na fara tunanin ya manta da ni, sai ta yi wani tsaki, ta tashi da kanta, hayaƙi ya turnuƙe mu. Biran sun daɗe da tserewa. Da ya sauke ta sai ya ce albarushin ne ya sha sanyi, wuta ta shiga tana ci a hankali. Ya ƙara da cewa mutanen da ya sani da ido ɗaya, yawancinsu a wannan ɗan tsakanin suka juyo da baki don su leƙa su ga abin da ya hana ta tashi. Layun suna nan a jikinta, amma ko sau ɗaya bai ambace su ba a bayaninsa.

Dalilan da ke sa bindigar toka ta ci amanar mai ita ba ɓoyayyu ba ne. Albarushi yana jan laima, shi ya sa ɗurin da ya kwana biyu a ɗaki da damina ba abin dogaro ba ne. Dattin da yake bari bayan harbi shi ma yana jan ruwa, ya zauna yana cin ƙarfen ta ciki, a waje kuwa bindiga na sheƙi saboda man da ake shafa mata. Zanzaro yakan shiga bututun bindigar da aka rataye ya yi gininsa na laka, mai ita bai sani ba, sai ranar da ya harba iska ta rasa mafita. Akwai wanda bindiga za ta ƙi tashi, cikin ruɗewa ya sake zuba wani ɗurin a kan na farko. Akwai kuma wanda zai farke harsashin zamani ya juye garin cikinsa a bindigar toka, yana ganin ai duk albarushi ne, alhali ƙarfin wancan garin ya fi abin da bututunta zai iya ɗauka nesa ba kusa ba. Uwa uba shi ne bututun kansa. Da yawa daga bindigogin da ake ƙerawa a ƙauyuka da bututun famfo ake yin su, ƙarfen da aka naɗe aka bi tsawonsa da walda don ruwa ya bi ta ciki. Wannan ɗinkin waldar shi ne yake buɗewa, kuma daidai wurin da hannun hagu yake riƙe.

Wani zai ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, wanda ya sayi bindigar araha ya san abin da ya saya. Ban yarda ba. Hudar rariya a fili take, mai saye yana gani. Aibin bututu a ciki yake, kuma manomin da ya sayar da buhun gero ya saya ba shi da hanyar ganewa sai ranar da ya fashe.

Wannan cuta ta girmi maƙeranmu. Farfesa Joseph Inikori, wanda ya koyar da tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya bi tsofaffin takardun ciniki na Ingila ya ƙiyasta cewa tsakanin 1750 da 1807 bindigogi 283,000 zuwa 394,000 ne ke shigowa Afirka ta Yamma kowace shekara, mafi yawa don musayar bayi. Birnin Birmingham na Ingila shi ne babbar maƙerar wannan ciniki. Ba duka ne marasa kyau ba, kuma 'yan kasuwar bakin teku ba wawaye ba ne, sukan duba su mayar da wadda ba ta yi musu ba. Amma su kansu maƙeran Ingila sun rubuta cewa akwai wani ƙarfe mafi ƙasƙanci da aka ware don bindigogin da za a kai Afirka, wanda ba mai yarda ya sayar wa sojan ƙasarsa. A can gida suna da wurin gwaji. Ana ɗura wa bututu fiye da kima a harba shi a cikin ɗaki mai kauri, in ya jure a buga masa hatimi, in ya fashe ya fashe ba a hannun kowa ba. An kafa irin wannan gida a Birmingham da dokar majalisa a 1813, yana nan yana aiki har yau. Ke nan sun san maganin abin tun shekaru ɗari biyu da suka wuce.

Ƙasar Hausa tana nesa da teku, don haka abin da ke isowa nan ragowa ce. Wasu ta Nupe da ƙasar Yarabawa, wasu ta Sahara daga Tarabulus. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba su cika dawowa da bindiga ba, domin sarakunan Asante sun hana ta wucewa arewa. Tarihin Kano ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaronsa. Duk da haka ba ta kori baka da doki ba. A 1826 Baturen nan Clapperton ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa yaƙin Konya, garin Gobirawa. A cikin dubban mayaƙa, masu bindiga arba'in da 'yan kai ya gani, kuma kowanne in ya harba sai ya ruga baya inda kibiya ba ta kaiwa don ya sake ɗuri. Sarkin Damagaram Tanimu ya yi ƙoƙarin fita daga wannan dogaro, ya sa ana haɗa albarushi da zuba igwa a Zinder, amma shi kaɗai ne kusan a zamaninsa.

Da Turawa suka ƙera bindigar da ake ɗurawa ta baya, mai harbi da sauri, sai suka rufe ƙofa. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, ta bar musu mai ƙyastu da albarushin kasuwa. Shekara goma sha uku bayan nan aka ga amfanin wannan doka ga masu ita. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris, aka ƙare a Burmi a watan Yuli, masu baka da takobi da 'yan tsirarun bindigogin toka suna fuskantar bindigar Maxim mai aman wuta. Bindigar da ke rataye a zaurukanmu yau jikar waccan ce da aka yarje mana mu riƙe saboda an san iyakarta.

Kada mai karatu ya ɗauka ɗora wa mai bindiga laifi halinmu ne mu kaɗai. Sojan Kanada sun shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya da bindigar Ross, gwanar saiti a filin gasa, amma da ta sha laka ta yi zafi sai ta cije. A yaƙin Ypres na Afrilu 1915 sojoji sun riƙa dukan makullinta da dugadugan takalmi don ta buɗe, da yawa suka yar da ita suka tsinci Lee-Enfield ta Ingilishi daga hannun matattu. Ministan soja Sam Hughes ya kafe cewa bindigar lafiyarta lau. Sai a 1916 aka janye ta.

Labarin da ya fi kama da namu shi ne na M16 ta Amurka a yaƙin Biyetnam. Wanda ya zana ta, Eugene Stoner, ya gwada ta da wani irin gari na musamman. Da aka zo yin harsashi da yawa, hukumar soja ta sauya garin da wani wanda ya fi barin datti, yake kuma sa bindigar gudu fiye da yadda aka tsara. Ba a shafe mazaunin harsashi da ƙarfen da ke hana tsatsa ba, ga ƙasar mai ruwa da laima. Aka raba wa sojoji ita ba isassun kayan gogewa, har ana gaya musu ba ta buƙatar wanki sosai. Abin da ya biyo baya shi ne, in an harba sai kwanson harsashi ya manne a ciki, dole soja ya nemi sanda ya zura ta baki ya bugo shi, ana ruwan wuta a kansa. Bindigar zamani ta koma ɗuri ɗaya harbi ɗaya, daidai da ta Baba. A faɗan tsaunukan Khe Sanh na Afrilu da Mayu 1967 an tarar da gawarwakin sojoji kusa da bindigoginsu a kwance, alamar suna cikin gyara mutuwa ta riske su. Amsar farko da manya suka bayar ita ce yaran ba sa tsabtace makamansu. Sai da wasiƙun sojoji suka isa hannun iyaye da 'yan majalisa aka kafa kwamiti ƙarƙashin Richard Ichord. Rahotonsa na Oktoba 1967 ya ɗora babban laifin kan sauya garin da sakacin hukuma. Aka gyara mazaunin harsashi, aka rage gudun, aka raba kayan gogewa, bindigar ta zama abin dogaro har ana amfani da zuriyarta yau. Waɗanda suka mutu kafin gyaran kuwa an riga an ce ƙazantarsu ce ta kashe su.

Har maharbin Amurka mai farautar barewa bai tsira ba. Bindigar Remington 700, wadda ta fito a 1962, tana cikin waɗanda aka fi saye a ƙasar. Shekara da shekaru masu ita suna kai ƙara cewa takan tashi ba a taɓa kunama ba, musamman lokacin da aka zare makarin tsaro, kuma an yi asarar rayuka. Takardun kamfanin da suka fito a kotu sun nuna injiniyan da ya zana kunamar, Mike Walker, ya ba da shawarar gyara tun 1948, lokacin da irin wannan kunama take kan bindigogin kamfanin da suka gabaci wannan, gyaran da kuɗinsa bai wuce santi biyar da rabi a kowace bindiga ba, aka ƙi. Kamfanin ya tsaya kan cewa masu bindigar ne ba sa kula da ita, ko sun taɓa saitinta. A 2014 ya amince zai sauya kunamar bindigogi kimanin miliyan bakwai da rabi, ba tare da ya amsa laifi ba.

To shi wannan yana da sunan kamfani a jikin bindigarsa, da lamba, da kotun da zai je. Namu fa? Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta san da bindigar da ake ɗurawa ta baki, ta sa lasisinta a hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Amma ta hana ƙera bindiga sai da izini na musamman, wanda maƙerin ƙauye bai san ma ƙofar da ake nemansa ba. Saboda haka yana aikinsa a ɓoye. Ba ya sa alama, don alama shaida ce a kansa. Mai saye ba shi da takarda, in ta fashe ba shi da bakin magana, domin kai ƙara tona wa kai asiri ne. Ba ina zagin maƙera ba ne. A cikinsu akwai masu hannu na ban mamaki, waɗanda za su kalli ƙarfe su buga shi su gaya maka bai yi ba, su ƙi aikin ko nawa za ka biya. Amma tun da rashin tsaro ya sa kowane ƙauye neman bindiga, masu walda da ba su gaji sana'ar ba sun shigo, kuma ba abin da ke raba aikin gwani da na ɗan koyo a idon mai saye.

A kan wannan ƙarfen ne muka jingina tsaron ƙauyuka. A 2014 maharban Adamawa sun fito sun taimaka wa soja wajen korar Boko Haram daga yankin Mubi, aka yi ta yaba musu, kuma sun cancanci yabo. Amma yabon ya ƙara ƙarfafa zancen cewa asiri ne ke aiki, bindiga ko wace iri ce ta isa. Sanin daji da ƙarfin zuciya su ne jarin maharbi, ba wanda ya musa. Sai dai saurayin da aka ba bindigar bututun famfo aka ce ya tsare hanyar gari da dare, harbi ɗaya ke gare shi, in ta tashi ke nan. Shugaban da ya tura shi ya san haka, ko ya kamata ya sani.

Ina ganin hukumar da ta yarda ta ba da lasisin bindigar toka wajibinta ne ta samar da inda za a duba ta a buga mata hatimi, ta kuma buɗe wa maƙeran kirki hanyar yin rajista, a san su, su riƙa sa alamarsu. Kafin a kai can, Sarkin Baka da Sarkin Maƙera na kowace gunduma suna da ikon da ba sai sun jira Abuja ba. Kafin fita farautar rani a tara bindigogi a duba su ɗaya bayan ɗaya. Wadda bututunta ya kumbura, ko ya tsage, ko tsatsa ta rarake, a cire mata kunama a mayar wa mai ita ya rataye don tunawa da mahaifinsa. Tawa ma can take, ba ta ƙara shan albarushi ba tun da wani tsohon maƙeri ya zura waya a cikinta ya jiyo rami kusa da gindi.

Kai kuma ɗan'uwa mai bindiga, in ta ƙi tashi, bar bakinta yana kallon inda ba kowa, ka jira, ka hana yara zagayowa. Kada ka leƙa, kada ka ƙara ɗuri a kan ɗuri. In kuwa ta fashe a hannun wani, kada tsoron 'yan sanda ya sa a ɓoye shi a ɗaki ana shafa masa magani har hannun ya ruɓe. Tun 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa kowane asibiti a Nijeriya, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda bindiga ta raunata ya fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Asibitin zai sanar da su daga baya, za a yi tambayoyi, amma amsa tambaya ta fi yanke hannu sauƙi. A kai shi a ranar.